A Goge Muryar Haliru

Ranar da Inna ta aiko a kira ni, ina tsaye a tashar Rano ina jiran mai gyaran takalmi ya ɗinke min silifas, kuma daga inda nake muryar Haliru nake ji ta ko'ina. Mai cajin waya ya saka ta a sifika, wani ɗan A Daidaita Sahu da ke jiran fasinja ya ƙure tasa, har mai tallan rake da ya gifta ta gabana daga aljihunsa take fitowa. Kowa da waƙar da ya zaɓa. Mutumin da na kama makararsa da hannuna ga shi ya cika tasha da waƙa, ni kuma da nake raye ko gaisuwa ba na iya amsawa da kyau saboda gajiya.

Ni ne Shitu. In sunan bai tuna maka komai ba, ai ka san Rano-Kibiya, to ni ne rabin da ya rage. Ni ɗan cikin garin Rano ne, Haliru ɗan Unguwar Gai ta ƙasar Kibiya, shi ya sa 'yan kamasho suka laƙaba mana wannan suna suna tsokanarmu, ya bi mu har kan fosta. Shi ke jan waƙa, ni ina amsawa. Mun daɗe muna abin nan, mun fitar da albam a baya ba ɗaya ba ba biyu ba, amma ko Bunkure ba su ƙetare da kyau ba. Mu ne mawaƙan da ake gayyata in kuɗin ango bai kai na manyan Kano ba, a ba mu shinkafa da lemo a ce Allah ya ɗaukaka.

Bara da damina Haliru ya ce shi kam ya gaji. Mahaifiyarsa dama ba ta taɓa son sana'ar ba, ya yi mata alkawari zai yi albam ɗaya na sallama ya koma gona da 'yan shanunsa. Na yi fushi, na yi zage-zage, na kira shi bagidaje, yana ta dariya. Muka shiga situdiyo muka yi albam ɗin, muka sa masa suna Mun Sauke Kaya. Da kaka muka sake shi. Ana cikin cirar gyaɗa zazzaɓi ya kama Haliru, zazzaɓi dai irin wanda kowa ke yi ya sha magani ya tashi. Shi bai tashi ba.

Ba zan yi wa mutane sharri ba, albam ɗin ya fara karɓuwa tun yana raye. Amma mutuwarsa ce ta ɗaga shi. Kafin a yi sadakar arba'in ya isa Kano, ya isa Zariya, wani direban tirela ya rantse min har a Agadas ya ji shi. Badamasi, wanda ke nemo mana wasa tun muna yawo a kan babur ɗaya, wayarsa ta daina hutawa. Duk Asabar da Lahadi ina gidan biki. In riƙe makirfo, dije mai saka kiɗa ya saki waƙar, in an zo baitina in motsa baki, in an zo na Haliru in tsaya ƙiƙam kamar turken awaki, mutane su yi ta ɗaukata a waya wai suna son ganin ko zan yi kuka. Wallahi wani lokacin barci nake ji a tsaye.

A cikin wannan hali saƙon Inna, mahaifiyar Haliru, ya same ni. Na karɓi silifas ɗina na hau acaɓa zuwa Unguwar Gai.

Na tarar da ita a tsakar gida kan tabarma, tana ɓarar gyaɗa a faifai. Inna Zulaiha ƙaramar mace ce, ba ta da yawan magana, kuma Haliru ne ɗanta na fari, don haka tunda nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba. Abokinka take cewa. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka kawo min fura. Sai da na sha na ajiye ƙwaryar ta yi magana.

"Shitu, wata alfarma zan roƙe ka."

"Haba Inna, umarni dai."

"Waƙoƙin nan na abokinka. Ina so a goge su."

Na dube ta, don ban gane ba da farko.

Ta ce, "Na ji a wa'azi cewa abin da mutum ya bari a bayansa yana bin sa. In alheri ne ya bi shi, in kiɗa ne ya bi shi. Duk wanda ya kunna, duk wadda ta tashi ta yi rawa, ana rubuta masa. Ni ba malama ba ce, ban sani ba. Amma tunda na ji, barcina ya ƙaurace. In na ji an saka shi a maƙwabta sai in ji kamar ƙasa ake ƙara masa a ka. Ya ce min zai daina, ya kuma daina. Su kuma mutane sun ƙi barinsa ya daina."

Ba ta yi kuka ba, hannunta ma bai bar gyaɗar ba. Na so in yi mata bayanin yadda waƙa ke yawo a waya, in ce mata abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma wane baki zan buɗe in yi wa uwar da ta binne ɗanta lacca? Na ce, "Za a goge, Inna. Na yi miki alkawari."

"Allah ya yi maka albarka."

A zaure Bushra ta tare ni, matar marigayin, da ƙaramar 'yarsu a goye. Ta ji komai ta bayan labule.

"Yaya Shitu, ni ba zan ja da Inna ba. Amma ka san da waƙoƙin nan ake ɗora tukunya a gidan nan."

"Na sani."

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan, ta koma ciki. Na ce mata ga gona ga shanu, kuma muddin ina numfashi yaran Haliru ba za su kwana da yunwa ba, amma bayanta na faɗa wa.

Da Badamasi na fara. Na same shi a shagonsa na sayar da kayan waya yana amsa kira biyu a kunne biyu. Na ce ya soke duk bikin da ya karɓa.

"Ka sha wani abu ne?"

"Fura na sha. Soke su."

"Shitu, shekara nawa muna bin kwararo ana yi mana kallon mabarata? Yau Allah ya buɗe ƙofa ka ce a rufe? Akwai 'yar wani babban ɗan kasuwa a Kano, amaryar ta ce in ba Rano-Kibiya ba a fasa dina!"

"A fasa mana. Auren ai ba da ni aka ɗaura ba."

Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya ce ni mahaukaci ne, na ce na gode. Ƙarshe ya zauna ya buɗe shafinmu na intanet, ina tsaye a kansa, ya cire waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya yana tsaki. Na fita ina jin kamar na yi wani abin kirki. Kafin la'asar ya kira ni yana dariyar mugunta, ya ce in duba wayata. Mutane sun ga waƙoƙin sun ɓace, kowa da ke da su ya ɗora a nasa shafin. Da a wuri ɗaya suke, yanzu ba wanda ya san iyakarsu.

Ranar kasuwa na shiga layin masu tura waƙa, waɗannan da ke zaune ƙarƙashin lema da kwamfuta suna cika wa mutane memori. Na bi su rumfa rumfa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu wanda ya yi min musu. Da sun yi gardama da na samu wanda zan zazzage wa abin da ke cikina. Ina! Kowa ya miƙe ya ba ni kujera, ya yi min ta'aziyya, ya ce ai maganar uwa ba abin wasa ba ce. Murtala, wanda ya fi su ciniki, har hawaye ya share, ya juyo min da fuskar kwamfutar ya ce in danna da hannuna. Na danna, waƙoƙin suka tafi.

Ban kai bakin layin ba na ji wata Bafulatana mai tallan nono tana ce masa, "A sa min na mamacin nan." Na waiga. Murtala ya ga na waiga, ya sunkuyar da kai, ya karɓi memorinta ya miƙa wa na kusa da shi ta ƙarƙashin tebur. Ban koma ba. Ƙafata ciwo take, rana kuma ta buɗe.

Duk bayan 'yan kwanaki ina zuwa gaida Inna, tambayarta kuma ɗaya ce.

"An goge?"

"Ana kan gogewa, Inna."

"To, madalla."

Ta rame. Bushra ta ce min in ana biki a unguwa, da Inna ta ji an fara gwada sifika sai ta ɗauki mayafi ta tafi rugar ƙanwarta can bayan gari, ba ta dawowa sai an watse. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, a ƙasa take zuwa. Acaɓa ma ta daina hawa, don duk wanda ta tare da waƙar a kunne yake tafe. Ranar da na ji wannan na kasa cin abinci.

Wani ya ba ni shawara in yi bidiyo in roƙi jama'a kai tsaye, wai mutanenmu akwai tausayi. Na sa farar riga na zauna a ƙofar gida, na ce ni ne Shitu na Rano-Kibiya, mahaifiyar Haliru ta roƙi alfarma, duk mai waƙarsa a waya don Allah ya goge, ya yi masa addu'a a madadinta. Ban yi niyyar kuka ba, amma wajen ƙarshe muryata ta karye.

Tausayin kuwa an yi shi. An yi ta rubuta Allah ya jiƙansa a ƙasan bidiyon har ba a iya karantawa. Sannan duk wanda bai taɓa jin albam ɗin ba ya tashi neman sa, yana son jin wace irin waƙa ce wannan da ake roƙo a goge. Badamasi ya ce tunda yake bai taɓa ganin talla mai kyan wannan ba, wasu ma cewa suke shi ya shirya, kuma da ya san haka ne da tuni ya shirya ɗin. Na ce ya fita daga idona in rufe.

Abin da ya ƙarasa ni a Rurum Sabon Gari ya faru. Na je ɗaurin auren wani ɗan ƙanwar babata, a matsayin ɗan uwa kawai, ba waƙa. Bayan an shafa fatiha muna zaune ana cin waina, sai na ji muryata ta fito daga sifika a gidan mata: "Don Allah ku goge. Don Allah ku goge." Dije ne ya yanko maganata daga bidiyon ya ɗora ta a kan ganga, tana maimaituwa, sai kiɗa ya fashe Haliru ya shigo. 'Yan mata suka ɗauki guɗa. Yara a waje suna rawa suna cewa don Allah ku goge, suna nuna ni da yatsa cike da murna, su a ganinsu karrama ni suke. Na ajiye wainar. Na so in shiga in tumɓuke wayoyin sifikar, wallahi har na miƙe, amma da na tuna sai na ratsa taron mata in yi rigima a bikin dangi, kuma gobe wani dijen zai saka a Rurum Tsohon Gari, sai na koma na zauna. Fushin ma yana son ƙarfi, ni kuma ba ni da shi.

Cikin wannan makon Badamasi ya aiko min da wani allon gilashi mai rubutun zinare daga Kano. Wata ƙungiyar masu shirya biki ce ta ba mu, wai albam ɗin da ya fi kowanne kasuwa a bana. Matata ta tambayi inda za a rataye shi. Na ce ta sa a ƙarƙashin gado.

A nan ne Tajuddeen ya faɗo min a rai. Shi ne mai situdiyon da muka yi aikin, wani ɗaki a saman shagon masu ɗinki, an manne bangonsa da kwalin ƙwai da yankakkiyar katifa don kada ƙarar titi ta shigo. Duk abin da ke yawo a wayoyin mutane kwafi ne. Asalin yana wurinsa. Na ce a raina, in duniya ta fi ƙarfina, wannan ɗakin bai fi ƙarfina ba. Aƙalla in je wa Inna da magana ɗaya wadda ba ƙarya a cikinta.

Na same shi da hantsi yana shan shayi, janareta na ta ruri a ƙasa. Da na faɗi abin da ya kawo ni ya ajiye kofin.

"Shitu, goge wannan ba zai rage ko mutum ɗaya cikin masu saurare ba."

"Na sani."

"To amfanin me?"

"Alkawari na yi. Buɗe."

Ya buɗe yana girgiza kai. A fuskar kwamfutar layuka ne jere, kowanne da launinsa. Ya nuna min: wannan ganga, wannan fiyano, wannan muryata, wannan ta Haliru.

"Ka gane abin da za ka goge kuwa? Wadda ke gari na wanke ta da inji, na ja ta na daidaita, na zuba mata kiɗa. Wannan kuwa ɗanyarta ce, yadda ta fito daga bakinsa. Ba ta ko'ina a duniya sai nan. Tsaya ka ji."

Kafin in hana shi ya kashe sauran layukan ya bar ɗaya. Waƙar ƙarshe ce a albam ɗin, wadda Haliru ya yi wa mahaifiyarsa, ita kaɗai ce ban sa masa baki a baitinta ba. Sai ga shi a cikin ɗakin. Ya yi gyaran murya, ya ce bismillah, ya ce, "Taju, rage fankar nan tana kaɗa min takarda." Aka ji ni daga nesa ina cewa ya yi sauri yunwa nake ji, ya ce, "Kai dai cikinka ne ubangidanka." Ya yi dariya. Ya ja numfashi, sannan ya fara, ba ganga ba komai, har ɗan kaushin nan na maƙogwaronsa da inji ke sharewa yana nan.

Na dafa bango. Watanni ina jin muryarsa a tasha da kasuwa ban ji komai ba sai gajiya, amma wannan ta shige ni.

"Kashe," na ce.

"Bari ta ƙare mana."

"Taju, kashe ka goge, ko in fasa kwamfutar nan!"

"In tura maka ita kaɗai a waya ka ajiye? Ba wanda zai sani."

"In ta shiga waya ta shiga gari. Gobe ka ji ta a kan ganga a gidan biki. Goge."

Ya goge. Na ce ya buɗe kwandon da abin da aka goge ke taruwa ya zubar, ya zubar. Na ce ina ɗan baƙin akwatin da yake ajiye aiki na ko-ta-kwana, don na san shi sarai. Ya kalle ni kamar zai mare ni, ya janyo durowa ya jona akwatin, nan ma ya goge.

"Shi ke nan, hankalinka ya kwanta?" ya ce.

"Ya kwanta."

Kuma da gaske ya ɗan kwanta. Ranar na ci tuwo har na nemi ƙari, matata tana kallona.

Washegari na tafi Unguwar Gai da sassafe, na tsaya a hanya na saya wa Inna goro da man zafi na gwiwa. A kan babur ina ta shirya yadda zan faɗa mata. Zan ce, Inna, na gari sai a hankali, amma uwar waƙoƙin gaba ɗaya, inda aka haife su, na kashe ta da hannuna.

Tana zaune a inuwar ɗakinta da carbi. Fuskarta ta ɗan saki fiye da yadda na saba gani. Muka gaisa, na ajiye tsarabar, ta sa albarka. Ina jiran ta yi tambayarta ta kullum in ba ta amsa, sai ta gyara zama ta ce tana da magana. Babba in zai yi magana ba a riga shi, na bar ta ta fara.

"Jiya Malam Ishiyaku ya shigo duba ni, limaminmu na nan unguwa. Ya ga yadda na koma ya yi min faɗa. Ya ce in daina azabtar da kaina, Allah ya ga niyyar yaro, ya ga tawa, abin da ya fi ƙarfinmu kuma ba za a tambaye mu ba. Na ɗan ji sanyi."

"Alhamdu lillahi, Inna."

"Sai na tambaye shi wani abu da na daɗe ina jin kunyar tambaya." Ta sunkuyar da kai tana murza carbin. "Mata suna ta gaya min wai a cikin waƙoƙin akwai wadda ya yi min. Ni ban taɓa tsayawa na ji ba, da na ji ganga nake barin wurin. Malam ya ce in murya ce zalla, ba kiɗa, ɗa yana yi wa uwarsa addu'a, shi bai ga laifi a ciki ba. Bushra kuma ta ce a wurin da kuke yin aikin, murya daban ake ɗauka, kiɗa daban."

Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba.

"In akwai ta haka, ka kawo min in ji sau ɗaya. Sau ɗaya kawai, sai ka goge."

Kaza na ta tono a gefen rijiya. Na kalli kazar, na kalli goron da na kawo.

"Babu, Inna."

"Ba a raba su ba ashe?"

"An raba. Akwai ta har jiya. Na je na sa an goge."

"Duka?"

"Duka. Har wadda aka ɓoye."

Carbin ya tsaya a hannunta.

"To," ta ce. "Ai ni na sa ka. Ka cika alkawari, Allah ya yi maka albarka."

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na ce akwai masu iya cire kiɗa daga wadda ke gari da inji, zan nema. Na faɗa ne kawai, don na san abin da zai fito, muryar da aka wanke ce mai ƙarar ƙarfe, ba ta ɗanta ba. Ita ma ta girgiza kai ta ce a bar wa mutane tasu.

"Kai ai kana wurin da ya yi ta," ta ce. "Me ya ce a ciki?"

Na haddace waƙar, ba baitin da ban sani ba. Na gyara durƙuso na fara faɗa mata, da magana kawai ba rerawa. Ya ce ke ce kika tashe ni sallar asuba da ruwan sanyi. Ya ce ke kika sayar da karsanarki ranar da na karye a ƙafa. Ya ce na yi yawo na gaji, ga ni nan tafe gida, a ajiye min fura. Tana saurare idonta a rufe, tana ɗan gyaɗa kai. Da na zo amshin, inda yake kiran ta sau da yawa a jere, na ga magana ba za ta ɗauke shi ba, sai na rera. Na tattaro iyakar abin da ke maƙogwarona na kwaikwayi yadda ya yi, Inna, Inna, Innata.

Ta ɗaga hannu a hankali, na tsaya.

"Ya isa, Shitu. Sannu da ƙoƙari." Ta buɗe ido ta mai da su kan carbinta. "Shi ba haka yake kirana ba."